HANYAR KEKEN DA TA DATSE ƘASAR JAMUS

Tun ranar da na saka hoton nan na wata siririyar kwalta a tsakiyar daji, da kekena jingine a jikin wani turken dutse, mutane ke ta tambayata ina ne wurin. Wani abokina har cewa ya yi, "Malam, kai da aka tura karatu, ashe yawon daji ka koma?" Na yi alkawarin zan yi bayani, to yau Allah ya nufa. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Tambayar "ina ne" ɗin nan ita ce ta fi komai wuyar amsawa. Inda na tsaya na ɗauki hoton ƙasar Beljiyam ce. Itatuwan da ke hannun damana na Jamus ne. Na hannun haguna ma na Jamus ne. Beljiyam ɗin da nake tsaye a kanta, yaro ma zai jefa dutse ya tsallake faɗinta, amma a tsawo ta yi ta miƙewa kilomita bayan kilomita a cikin Jamus kamar igiyar da aka yar a gona. Turken da na jingina keken a jikinsa alamar iyaka ce, gefe ɗaya an sassaƙa B, ɗaya gefen an sassaƙa D.

Sunan hanyar Vennbahn. "Venn" shi ne sunan da suke kiran wani makeken dausayi da ke can saman tsaunukan yankin, "Bahn" kuma hanyar jirgi. Wato dai asalinta layin dogo ne. Tsawonta kilomita 125, bai kai Kano zuwa Zariya ba, amma ƙasa uku ta ratsa: ta tashi daga birnin Aachen a Jamus, ta bi ta gabashin Beljiyam, ta ƙare a wani ɗan gari mai suna Troisvierges a arewacin Luxembourg. A shekarar 2013 aka kammala mayar da ita hanyar keke. Mota ba ta hawa, babur ba ya hawa. Sai masu keke da masu tafiyar ƙasa.

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a Kano da yamma, A Daidaita Sahu na matse shi ta dama tirela na hura masa hayaƙi ta hagu, zai gane abin da nake nufi idan na ce ranar farko shirun wurin sai da ya ba ni tsoro. Ka yi tafiyar rabin sa'a ba ka jin komai sai ƙarar sarƙar kekenka da kukan tsuntsaye. Dogayen itatuwa masu ganye kamar allura sun yi wa hanyar rumfa, can sai dajin ya buɗe ka ga makiyaya da shanu, ka hau wani tsohon kadarko ka leƙa ƙasa ka ga rafi yana gudu a cikin kwari. Yankin duk tudu ne da gangara, su ne tsaunukan Eifel ta ɓangaren Jamus, Ardennes ta ɓangaren Beljiyam. A waɗannan tsaunuka ne ake tseren keken nan na Liège zuwa Bastogne a dawo Liège, wanda aka fara tun 1892, inda hawan tudu ke sa ƙwararru su yi laushi. Amma a kan Vennbahn za ka ga tsohuwa mai shekara saba'in tana tafe abinta tana hira da jikarta.

Sirrin yana wurin jirgin ƙasa. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, idan tudu ya yi tsini sai ta riƙa zamewa, balle yana jan taragu cike da kwal. Don haka injiniyoyin da suka shata layin dole suka bi tsaunin da lallami. Inda tudu ya tare su suka fasa shi, inda kwari ya buɗe suka cike ko suka yi gada, inda abin ya gagara suka yi doguwar kewaya. Hawan da suka bari a mafi yawan hanyar bai wuce mita biyu a kowace mita ɗari ba. Kana tashi daga Aachen hawa kake yi, har ka wuce mita 500 sama da teku, amma ƙafarka ba za ta gaya maka ba sai dai ka ji iska ta ƙara sanyi. Wahalar da leburori suka sha da diga da shebur shekara 140 da suka wuce, ita ce mai keke yake mora yau.

To me ya kawo layin dogo wannan ƙungurmin daji tun farko?

A 1815, bayan an gama da Napoleon, manyan Turai suka zauna a Vienna suka raba ƙasashe, wannan yanki ya faɗa hannun masarautar Prussia, wadda daga baya ta zama uwa a cikin daular Jamus. Wuri ne na talauci. Sanyi ya yi yawa, ƙasar ba ta noma sosai, mutane na ta ƙaura. Har laƙabi aka yi wa Eifel, ana ce mata Siberiyar Prussia. Abin da ya ja hankalin gwamnati shi ne abin da ke arewa da kudu da wurin. A arewa, wajen Aachen, akwai kwal da babbar masana'antar ƙarfe ta Rothe Erde. A kudu, a Luxembourg da Lorraine, akwai tama jibge a ƙasa. Ƙarfe ba ya samuwa sai kwal ya haɗu da tama. A 1882 aka amince da gina layin, a 1885 jirgi ya isa Monschau da Malmedy, a 1887 ya isa St. Vith, a 1889 aka haɗe da Troisvierges. Taragu su gangara kudu da kwal, su dawo arewa da tama. Ƙauyukan da ke kan hanya suka samu tasha, suka samu aikin yi, St. Vith ta zama babbar mahaɗar jirage da ma'aikata masu yawa.

Amma duk layin da zai ɗauki kwal zai ɗauki soja. Prussia ta kafa babban sansanin atisaye a Elsenborn, dab da tashar Sourbrodt, aka mayar da layin tagwaye, aka yi masa rassa masu fuskantar yamma. Kuma ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Ranar 1 ga Agusta 1914 da yamma, wasu sojojin Jamus suka tsallaka iyaka suka kama tashar jirgin Troisvierges, a ƙasar Luxembourg da ba ta faɗa da kowa. Wannan shi ne takun farko na Yaƙin Duniya na Ɗaya a fagen yamma. An ce su koma, suka koma, washegari aka mamaye ƙasar gaba ɗaya, ranar 4 ga wata kuma aka afka wa Beljiyam. Tashar da masu keke ke zama yau suna shan lemo suna jiran jirgin komawa gida, nan aka fara.

Jamus ta sha kaye. Ranar 28 ga Yuni 1919 aka sa hannu a yarjejeniyar Versailles, Beljiyam da aka ragargaza ta ce sai an biya ta, aka yanko mata gundumomin Eupen da Malmedy har da St. Vith. Mutanen Malmedy da kewaye yarensu na dangin Faransanci ne, amma mafi yawan sauran Jamusanci suke yi. Yarjejeniyar ta ce a ji ra'ayin jama'a. Ku saurari yadda aka ji shi. Ba a kafa akwatin ƙuri'a ba. Rajista aka buɗe a Eupen da Malmedy na wata shida a 1920, aka ce duk wanda ba ya son zama ɗan Beljiyam ya zo da ƙafarsa, gaban jami'an Beljiyam, ya rubuta sunansa. Wanda ya yi shiru an ɗauka ya yarda. Mutane na tsoron kora, suna tsoron a hana su katin abinci. Cikin mutum sama da 33,000 da suka cancanta, 271 ne kawai suka sa hannu. Aka kai wa Majalisar Ƙasashe ta wancan lokaci, ta buga hatimi. Mu da muka san zaɓen ƙananan hukumomi, wannan lissafin ba baƙonmu ba ne.

Yanzu ga inda rikicin layin dogon ya shigo. Layin da ya haɗa Eupen a arewa da Malmedy da St. Vith a kudu bai miƙe ba. Saboda kaucewa dausayin nan, daga Raeren sai ya lanƙwasa gabas ya bi ta gundumar Monschau, ya dawo ta Kalterherberg. Ita kuwa Monschau an bar wa Jamus. Beljiyam ta ce ba zai yiwu a ba ta gida biyu a bar ƙofar da ke tsakaninsu a hannun maƙiyi ba. Kwamitin shata iyaka ya zauna, a watan Maris 1920 ya yanke hukuncin da ya yi kama da rabon gardama: garuruwan su zauna a Jamus, amma layin dogon, da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, da tashoshinsa, na Beljiyam ne. Tashar Roetgen, ta Lammersdorf, ta Konzen, ta Monschau, duk suka zama Beljiyam a tsakiyar garuruwan Jamus.

Sakamakon haka, duk wani yanki na Jamus da ya faɗa yamma da layin ya yanke daga uwar ƙasa, ya zama tsibiri ba tare da ruwa ba. Har yau guda biyar suna nan: Münsterbildchen, da Roetgener Wald, da Rückschlag, da Mützenich, da Ruitzhof. Mützenich gari ne sosai mai mutane da coci da makaranta. Rückschlag kuwa gida ɗaya ne tal da lambunsa, duka bai kai hekta biyu ba. Mai gidan Bajamushe ne a ƙasar Jamus, amma ko ta ina ya fita sai ya taka Beljiyam. Na tsaya na daɗe ina kallon wurin a taswirar wayata ina dariya ni kaɗai.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne can su ƙarata. Takardar nan ta Versailles da ta haifi wannan siririyar iyaka, ita ce ta ƙwace wa Jamus ƙasashen da take mulka a Afirka. Da ita aka ba Beljiyam Ruwanda da Burundi. Da ita aka raba Kamaru tsakanin Ingila da Faransa, aka raba Togo. Mubi, da Gwoza, da Dikwa, da Gembu, duk a ƙarƙashin Jamus suke kafin yaƙin. Rabon da ya biyo bayan 1919 ne ya sa su a hannun Ingila, har aka zo ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961 suka zaɓi Najeriya, aka yi lardin Sardauna. Alƙalamin da ya yanke wa mutumin Mützenich hanyar zuwa kasuwa shi ne ya tsaga ƙasar Adamawa. Bambancin dai su nasu kuskuren ana auna shi da mita, namu da ɗaruruwan kilomita.

Gwamnan da Beljiyam ta naɗa wa sabon yankin wani janar ne, Herman Baltia, ya yi mulki daga 1920 zuwa 1925 da iko irin na gwamnan mulkin mallaka. Akwai wani abin dariya da ya bari. Wurin da ya fi ko'ina tsawo a Beljiyam, Botrange, yana cikin yankin da aka karɓo, tsayinsa mita 694. A 1923 aka tara ƙasa mita shida aka yi mata matakala don ƙasar ta samu inda ya cika 700 cif. Tudun yana nan har yau da sunansa, ba nisa da Sourbrodt. Son a ce an yi ba a kanmu aka fara ba.

Abin takaicin shi ne, Beljiyam ta samu layin a daidai lokacin da amfaninsa ya fara mutuwa. Lorraine ta koma Faransa. Luxembourg ta fice daga ƙawancen kwastan na Jamus ta ƙulla da Beljiyam a 1921. Kwal da tama da a da suke tafiya a cikin kasuwa ɗaya, yanzu sai sun tsallake iyaka da haraji. Masana'antar Rothe Erde ta rufe a 1926. Fasinja kuma ya shiga jirgi a garin Jamus, a tashar Beljiyam, ya sauka a wani garin Jamus, ga jami'an kwastan na ƙasa biyu a kansa. A wannan shekarar ta 1926 ma har an yi maganar sirri a sayar wa Jamus yankin ta biya kuɗi, Faransa ta ji labari ta taka birki.

Sai Hitler. A watan Mayu 1940 ya mamaye Beljiyam, ranar 18 ga wata ya ce Eupen da Malmedy sun dawo gida. Da yawa sun yi murna, wannan gaskiya ce da su kansu mutanen yankin suka daɗe ba sa son faɗa. Murnar ba ta daɗe ba, don zama ɗan ƙasa yana zuwa da kakin soja. An kwashi samari sama da 8,000 aka sa su a rundunar Jamus, akasari aka tura su fagen Rasha, sama da 3,000 ba su dawo ba. A Satumba 1944 Amurkawa suka iso, Roetgen da ke kan wannan layi tana cikin garuruwan Jamus na farko da suka kama. Gabas kaɗan da nan, a dajin Hürtgen, aka shafe watanni ana kashe juna a cikin taɓo da sanyi. Ranar 16 ga Disamba Jamus ta yi yunƙurinta na ƙarshe ta cikin Ardennes. Washegari a mararrabar Baugnez kusa da Malmedy sojojin SS suka harbe fursunonin yaƙi Amurkawa 84. A ranakun Kirsimeti jiragen ƙawance suka yi wa St. Vith ruwan bama-bamai har sai da garin ya zama toka, saboda mahaɗar jirgi da hanyoyin da ke cikinsa. Layin da ya kawo wa garin arziki shi ya jawo masa wuta. An karya gadoji, an toshe ramukan da jirgi ke bi ta cikin dutse.

Ka lissafa: mutumin da aka haifa a St. Vith a 1900, an haife shi Bajamushe, a 1920 ya zama ɗan Beljiyam, a 1940 ya koma Bajamushe, a 1945 ya sake zama ɗan Beljiyam, kuma bai taɓa barin unguwarsu ba. Bayan yaƙi kuma sabuwar gwamnati ta bi su da tuhumar haɗa kai da maƙiyi.

Ɓangaren da ya fi ba ni nishaɗi a tarihin shi ne na gahawa, don wallahi kamar a Jibiya ko Illela aka yi shi. Bayan yaƙi gwamnatin Jamus ta lafta wa gahawa haraji mai nauyi, alhali a Beljiyam tana da araha. Ga iyaka a bayan gida, ga daji, ga mutane ba aikin yi, gidaje a rushe. Me kake tsammani? Daga 1945 zuwa 1953 fasa-ƙwaurin gahawa ya zama sana'ar yankin. Maza da mata da yara suna ratsa dausayi cikin dare da buhu a baya. Manyan 'yan sumoga har motocin soja masu sulke suka riƙa amfani da su, kwastan na harbi, an rasa rayuka da dama. Mützenich ta yi ƙaurin suna, aka gurfanar da mutanen garin da yawa a kotu. A wani ƙauye mai suna Schmidt, cocin da yaƙi ya rusa da gudummawar 'yan sumoga aka sake gina shi, har mutane suka yi masa laƙabi da St. Mokka, wato cocin waliyyi gahawa. Kuma ba bindigar kwastan ce ta kashe sana'ar ba. A 1953 gwamnati ta zaftare harajin, riba ta gudu, kowa ya koma gona. Na tuna da wannan sosai lokacin da aka rufe iyakokinmu a Agusta 2019 saboda shinkafa, buhu ya yi ta shigowa a bayan babur ta cikin gonaki, farashi kuma ya yi ta hawa. Yau a bakin iyakar Mützenich mutum-mutumin ɗan sumoga ne a tsaye da buhunsa, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto da shi.

A 1956 Beljiyam da Jamus ta Yamma suka zauna suka daidaita iyakarsu, aka mayar wa Jamus wasu 'yan yankuna, ciki har da ƙauyen Hemmeres wanda shi ma a da tsibiri ne. Amma layin ya zauna a hannun Beljiyam. Jirgin fasinja ya daina bi, ɓangaren kudu aka rufe shi, saura jiragen kaya jefi-jefi da na sojan Elsenborn. A shekarun 1990 aka gwada jirgin yawon shaƙatawa, ya yi kusan shekara goma ya tsaya saboda kuɗin gyara. Ciyawa ta rufe dogo. Daga ƙarshe aka zo aka ciccire ƙarafan.

Nan fa wata tambaya ta taso a farkon 2008, jaridu suka yi ta yayatawa: tunda saboda jirgi aka ba Beljiyam wannan ƙasa, yanzu da babu jirgi babu dogo, ba sai ta dawo wa Jamus ba? A wani zamanin wannan magana ta isa a tara soja. Gwamnatocin biyu suka ce iyaka tana nan inda take, ba mai neman komai, aka rufe zancen. Maimakon haka sai hukumomin ƙasashen uku suka haɗa kuɗi, Tarayyar Turai ta ƙara musu, aka zuba kwalta a kan gadon layin. Shi ya sa yau idan kana kan keke a tsakiyar garin Roetgen dokar hanya ta Beljiyam ce a kanka, ka sauka taku kaɗan ka sayi burodi kana Jamus.

Ba wai hanyar ba ta da aibu ba. Tashar Monschau tana can saman tudu, garin kuma yana ƙasa cikin kwarin kogin Rur, da tsofaffin gidajensa na masu saƙa. Gangarawa daɗi, dawowa kuwa sai da na sauka na tura, ba kunya. Bayan St. Vith akwai wuraren da aka bar asalin layin aka bi ƙananan titunan ƙauye. Dab da ƙarshe kuma, a Huldange, akwai ramin jirgi mai tsawon kusan mita 800 da zai kai ka cikin sauƙi, amma an rufe shi. Dalili? Jemagu. A shekarun da ramin ya yi a yashe jemagu iri-iri sun mayar da shi gida, wasunsu irin da ke neman ƙarewa, hukuma ta ce ba za a tashe su ba, mai keke ya hau tudu ya kewaya. Ina haki a kan tudun nan bayan tafiyar sama da kilomita ɗari, na faɗa wa jemagun nan maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Daga baya da na huce na ga ai sun riga ni zuwa.

Su kuma mutanen da aka yi ta miƙawa daga hannu zuwa hannu, jikokinsu yau su ne al'ummar Beljiyam masu magana da Jamusanci. Ba su kai 80,000 ba, wata unguwar a Kano ta fi su yawa, amma suna da majalisarsu da gwamnatinsu a Eupen, su ke tafiyar da makarantunsu da harshensu, Jamusanci kuma yana cikin harsuna uku na hukuma a ƙasar.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar fili. Ana iya yin wannan hanya ne kawai saboda gadon layin bai tarwatse ba. Shekara da shekaru ba jirgi, amma ba wanda ya zo ya yanka shi fuloti-fuloti. A yankin Walloniya na Beljiyam tun 1995 suke da tsarin da suke kira RAVeL, na mayar da tsofaffin layukan dogo da gefen magudanan ruwa hanyoyin keke da ƙafa, yanzu ya haura kilomita 1,000. Kamfanin jirgin ƙasa ba ya sayar da filin, hayar shekara 99 yake bayarwa. Idan wata rana jirgi ya sake zama dole, hanyar tana nan a haɗe. Kwalta ana zuba ta a wata shida, amma tsiri ɗaya na ƙasa mai kilomita ɗari wanda ba gini a kansa, idan ya tafi ya tafi ke nan.

Mu ma muna da irin wannan layi, kuma kusan labarinsu ɗaya. Ƙaramin layin dogon nan da Turawa suka kira na Bauchi, duk da bai taɓa zuwa garin Bauchi ba. Daga Zariya ya tashi, ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Rahama, Jengre, ya hau tsaunin Jos har Bukuru, an gama shi a 1914. Shi ma don ma'adini aka yi shi, kuza. Shi ma siyasar sufuri ce ta kashe shi: da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kuza ta sauya hanya, a 1957 aka rufe shi. Sama da kilomita 200 na hanyar da aka riga aka lallashi tudu, ta cikin wasu wurare mafi kyau a Arewa. Ragowar kawunan jiragensa suna ajiye a gidan tarihi na Jos. Matasa nawa ne a Zariya suka san an taɓa shiga jirgi daga garinsu kai tsaye zuwa Jos?

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya. Wa zai hau keke ya shiga daji a Arewa yau? Mu da jirgin ƙasa sukutum aka tare a hanyar Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe na kashewa aka kwashi na kwasa. A wurinmu yanzu hanya ta yi shiru alama ce ta ka juya. Falgore, Kamuku, Rugu, sunaye ne da a da ake faɗa da sha'awa. Don haka ba cewa nake gwamna ya tashi gobe ya yi hanyar keke ba, mutanen da ke kwana a daji suna jiran kuɗin fansa ba keke ne a gabansu ba. Abin da nake cewa ƙarami ne: filayen layin dogo da ake ta cinyewa da shaguna da gidaje a garuruwanmu, a daina. Dajin da na ratsa ina jin kukan tsuntsaye, a 1944 wanda ya shige shi ba ya sa ran fita, har yau manoma da masu aikin daji suna tono harsasai da bama-baman da ba su fashe ba. Waɗanda suka riƙe filin nan a lokacin ba su san keke za a hau a kai ba.

Kuma kada a ɗauka su ma sun gama da maganar iyaka. Tun 1995 aka cire shingaye tsakanin waɗannan ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar Schengen, amma ranar 16 ga Satumba 2024 Jamus ta dawo da binciken takardu a duk iyakokinta na ƙasa saboda rikicin 'yan gudun hijira. A babban titin mota kusa da Aachen 'yan sanda na tsayar da motoci da bas-bas. Ni dai da fatata da komai ban yarda na fita ba fasfo ba, yana cikin aljihun rigar keke a naɗe a leda saboda gumi. A rana ɗaya na shiga Beljiyam na fita ban san sau nawa ba, na daina ƙirgawa tun kafin Monschau, ba wanda ya ce min kanzil sai wani dattijo a Kalterherberg da ya ga ina fama da famfo ya tsaya ya riƙe min keken har na gama faci.

Wanda yake kusa da Rahama ko Dutsen Wai ko Jengre, don Allah idan akwai ragowar tsohuwar tasha ko gada ko gadon layin, ya ɗauko min hoto. Ina so in ga abin da ya saura.